Direba a Kujerar Baya

Zuwa ga 'yata, Uwata,

Gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri. Yaya ƙarfin jiki, yaya maigidanki, yaya kuma ɗan baƙon da ya cika wata biyar a duniya ban sa shi a ido ba? Mu nan lafiya lau muke, sai gwiwar uwarku, ita ma ba ta hana bakinta aiki ba.

Bayan haka, zan fara daga inda na saba farawa. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina rubuto miki takarda, ko layi ɗaya ba ki taɓa mayar mini ba. Sai dai ki bugo waya ki ce, "Baba, na ga saƙonka." Maganar waya iska ce, ba a ninke ta a sa a aljihun gaba. Abin haushin ma, a hannunki na koyi rubutun nan. Kina aji huɗu na leƙa littafinki, kika rufe kika ce, "Bar shi Baba, wannan ba naka ba ne, kan manya ya riga ya yi tauri." Washegari na sayo fensir. To malama, ga ɗalibinki yana ta rubutu, ke kuwa kin jefar da alƙalami.

Sai magana ta biyu. Shekara arba'in da ɗaya na yi riƙe da sitiyari, daga babbar mota zuwa bas zuwa ƙaramar motar ofis, ko kaza ban taɓa takawa ba. Likita ya haska mini fitila a ido na minti biyu, ya ce na kusa ina gani, na nesa kuwa dishi-dishi, shi ke nan ƙanenki Auta ya zare makulli daga aljihuna. Shekara uku ke nan. Gaban ma an hana ni zama, wai don rannan hannuna ya kai kan sitiyari. Ni ban aike shi ba, da kansa ya tafi.

Kin ji abin da ya faru watan jiya da muka kamo hanyar zuwa wurinki, amma daga bakinsu kika ji. Yanzu ki ji daga nawa. Me na yi? Na ce ya rage wuta. Na ce ya bar wa tirela hanya. Na ce kwana na tafe. Uwarku ta ce sau sittin da uku na yi magana kafin mu kai babbar gada, wai da carbinta ta ƙirga. Auta ya gangara gefen titi, ya kashe mota, ya ce, "Baba, mota ɗaya ba ta da direba biyu." Ya juyo da mu gida. Bayan kwana biyu suka tafi ba ni. Uwarku ta dawo tana cika mini kunne wai jaririn hancina ya ɗauko, Allah ya ba shi haƙuri.

Kada ki ce in hau motar haya. Na gwada. Direban ya sauke ni tun ba mu fita gari ba, fasinjoji har da tafi.

To yanzu ga sabon labari. Auta ya ce in an yi hutun makaranta ƙarshen wata zai kawo miki matarsa da yaran nan biyu, kuma tafiyar awa tara ta yi wa yara yawa, don haka zai sa musu talabijin a kujerar baya. Talabijin a mota, Uwata! Ku da taga aka yi renonku, wa ya mutu? Ya ce ni ma akwai wurina a baya, amma da sharaɗi. Za a yi tafiyar gwaji ta awa ɗaya, in na yi maganar tuƙi fiye da sau uku, na zauna gida ke nan. Na ce na ji, amma ni ma ga nawa sharaɗin: ba a ɗaura wa motar nan ko ƙusa ban gani ba, ni zan zaɓi talabijin ɗin. Na shirya dogon musu, har na gyara zama, sai kawai ya ce to. Wannan saurin yardar bai kwanta mini ba.

Ina son in ga yaron nan tun hancin bai fi ƙarfinsa ba. Ki shafa mini kansa, ki gaida ubansa.

Ni ne mahaifinki,
Tsohon Direba

*

Zuwa ga Uwata,

Sallama da gaisuwa. Ina fata takardar nan ta same ku cikin ƙoshin lafiya, ke da mai hancina da ubansa. An ce kin bugo shekaranjiya kin ce kin ga saƙona. Na gode da iskar.

Ranar Asabar mun je shagon kayan mota, ni da Auta da yaran. Shago ne dogo kamar bas, an jera kujerun mota na gwaji a jikin bango, alluna sai walƙiya suke ta ko'ina. Mai shagon wani mai tumbi ne da biro a bayan kunne. Ya tarbe mu da "A ba Baba kujera." Na ce ba zama ya kawo ni ba.

Ya fara nuna mana mai saukowa daga rufi, babba kamar faranti. Yara suka hau tsalle. Na ce a fito da shi waje, a riƙe shi daidai inda za a ɗaura. Na shiga kujerar direba, farkon zamana a cikinta cikin shekara uku, kuma in gaya miki Auta ya ja ta baya da yawa. Na ɗaga kai na dubi madubin tsakiya. Ba komai a ciki sai bayan talabijin. Na ce direban da ba ya ganin bayansa, gabansa ma na aro ne. Ga shi kuma sai an yanka rufin mota kafin a ɗaura. Na ce a mayar.

Na biyu shi ne wanda ake ɗaurewa da maɗauri a bayan matashin kujera, wayarsa ta bi ta gefen giya ta shiga ramin kunna sigari. Mai shago ya ce ya fi sauƙin sha'ani, ana cirewa a shiga da shi ɗaki. Na sa yatsa biyu na ja, ya karkace. Na ce abin da yatsa biyu suka karkatar, ramin titi zai jefa shi a goshin jikata. Sannan waya tana reto kusa da giya? Ko a mafarki.

Na uku ne ya shiga raina, ko da yake ban nuna ba. Ana zare matashin kan kujerun gaba ɗungurungum, a sa wasu masu allo a jikinsu, ɗaya dama ɗaya hagu, wayoyin su bi ta cikin kujera ba a ganinsu. Na sa aka gwada ƙarafunansu a motarmu, suka zauna daram. Na girgiza da iya ƙarfina, ko gezau. Sai na jera masa tambayoyi. Akwai abin sawa a kunne, don kada ihun wasan yara ya shiga kan direba? Ya ce akwai, marar waya ma. In an kashe mota yana mutuwa, ko zai kwana yana shan batir? Ya ce yana mutuwa. Da fis ɗinsa na wuta daban, ko za a jingina shi a kan na fitila, wata rana ya kashe mana ido a hanya? Mai shago ya zare biron daga kunne, ya dubi Auta ya ce, "Ina ka samo wannan tsohon?" Auta ya ce, "A gida na tarar da shi."

Ana cikin haka sai amaryata, 'yar Auta mai wushirya, ta ja mini riga ta yi mini raɗa, irin raɗar da duk shagon ya ji. "Kaka, allon dama naka ne. Abba ya ce in an sa maka ƙwallo an toshe maka kunne, za ka manta da hanya." Auta ya shiga kallon tayoyin da ke rataye kamar bai taɓa ganin taya ba. Ashe ba don yara ba ne, Uwata. Abin toshe bakin tsoho aka zo saye, aka kuma sa tsohon ya zaɓa da hannunsa! Na haɗiye. Wanda ya riga ka barci ai zai riga ka tashi.

Da Auta ya fita amsa waya, idona ya faɗa kan wani ɗan abu baƙi a kan kanta, bai fi maɓallin riga ba. Na ce wannan fa? Mai shago ya yi maza ya janye, ya ce, "A'a Baba, bar wannan, ba naka ba ne. Kamara ce, ana manna ta a gaban mota ta riƙa nuna hanya a allo. Ta masu tuƙi ce, rikita ka za ta yi." Kin dai san ubanki. Na ce allon da na zaɓa yana karɓarta? Ya ce akwai ramin da ake sa ta, amma. Na ce riƙe amma ɗinka.

Ranar Litinin da aka kai motar ɗauri na ce zan tsaya a kanta, Auta ya wuce aiki. Na wuni a kan benci a bayan shagon. Mai haɗa wayar wani siriri ne marar magana, irin ma'aikacin da nake so. Ya bi da waya ta ƙarƙashin kafet, na sa ya naɗe kowace mahaɗa da tef sau biyu. Ya manna kamarar a jikin gilashi bayan madubi, inda ba mai lura. Ya nuna mini a rimot: danna ɗaya, ƙwallo. Danna biyu, hanya.

Sun ce in yi kallo. To zan yi kallo.

Wannan magana tsakanina da ke ce. In ta koma kunnen Auta na san ta inda ta fita. Kin ga amfanin takarda, ba ta da lasifika.

Mahaifinki mai ƙaunarki,
Tsohon Direba

*

Zuwa ga Uwata,

Gaisuwa da fatan kun tashi lafiya, ke da mutanen gidanki. Ki gyara mini ɗaki, ki sa matashi mai tauri. Ina tafe.

An yi gwajin jiya da la'asar. Uwarku ta rako mu har bakin ƙofa tana ɗingishi, ta miƙa wa matar Auta carbinta ta ce, "Riƙe, ki ƙirga, kada ki ji tausayinsa." Na zauna a dama, amaryata a tsakiya, ƙanenta angon uwarku a hagu. Su suka haɗa kai a allonsu, ni aka ɗora mini abin kunne kamar mai tuƙa jirgi, aka sa mini ƙwallo. Na bari muka fita layinmu, muka wuce gidan mai. Na danna biyu.

Uwata, hanya ta zo mini har gaban hanci.

Taƙi biyu ne tsakanina da ita. Na ga farin layi yana tahowa yana shigewa ƙarƙashinmu. Na ga rami tun yana can, na ga inda aka yi masa faci. Na karanta lambar motar da ke gabanmu, harafi da harafi, irin yadda kika koya mini. Na ga wata mata da kaya a ka tana jiran ta tsallaka, har launin zanenta. Shekara uku rabona da ganin titi haka.

Zan faɗa miki wata magana, kuma in kika maimaita zan ce ban faɗa ba. Ashe duk shekarun nan ba Auta nake wa faɗa ba. Dishi-dishin da ke gabana nake wa. In mutum ba ya gani, kowace inuwa tirela ce, kowace bishiya kwana ce. Da na saba cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau bishiya ba zai hango ba. To babban nan ba abin da yake hangowa, tsoro ne kawai yake fita ta bakinsa.

Muna tafiya na ga mai babur ya kunno kai daga wani lungu. Bakina ya buɗe. Kafin "birki" ta hau harshena, na ji motar ta riga ta lafa. Muka zo kwanar nan ta wajen masana'anta, na ga ya sauke giya tun kafin ya shiga, ba a tsakiyarta ba. A hawan tudu muka tarar da tirela tana nishi, ƙafata ta fara neman birki a kafet, sai na ga ya zauna a bayanta da haƙuri har saman tudu ya buɗe, sannan ya wuce. Da muka zo inda katanga ta tare gani, ya taɓa hon sau biyu, gajeru. Irin nawa ne, Uwata. Ba wanda ke yin wannan hon ɗin a duk garin nan sai ni. Ban taɓa zaunar da shi na koya masa ba. Ashe tun yana ƙarami a kujerar baya yake kallon ƙeyata yana ɗauka. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Idona ya kawo ruwa. Sanyin na'urar motar ne, na sha gaya musu su rage.

Amaryata ta leƙo ta ce, "Kaka, wane irin fim ne wannan, ba kowa sai titi?" Na ce na manya ne, rufe mini asiri. Ta bar allonsu ta dawo nawa, ta kwanta a kafaɗata, ina nuna mata alamun hanya da yatsa a hankali, wannan gada, wannan makaranta, wannan kada a wuce.

Sau ɗaya na yi wa Auta magana. Da muka hau babbar gadar nan, inda ya juyo da ni wancan karon, na cire abin kunne na ce, "Auta." Na ga kafaɗarsa ta ɗaga. Na ji matarsa ta ja ƙwayar carbi ɗaya. Na ce, "Hannunka ya faɗa." Ya kai hannu ya gyara madubin da ba abin da ya same shi. Matarsa ta mayar da ƙwayar carbin ta ce, "Baba, wannan ba ya cikin ƙirga."

Da muka dawo uwarku ta ce nawa? Aka ce ko ɗaya. Ta ce a kai ni asibiti.

Auta na can yana taƙama wai ƙwallo ce ta yi aiki. Bar shi. Har yanzu dai kujerarsa ta yi baya da yawa, amma na rubuta a takarda na ajiye, sai mun dawo.

Sai kun gan mu ranar Alhamis, in Allah ya yarda.

Naki,
Tsohon Direba

*

Zuwa ga Uwata,

Gaisuwa da godiya. Mun iso gida lafiya, awa tara cif, sau uku na yi magana kuma duk na neman a tsaya in kama ruwa ne. Yaya mai hancina? Har yanzu ina jin ɗumin kansa a tafin hannuna. Na gaya wa uwarku ta daina yi wa hancin nan dariya, hanci ne na mutanen kirki. Ki gode wa maigidanki, ya yi mana hidimar da ta fi ƙarfin baki. Kwana shidan nan sun ƙara mini shekara shida.

Bayan haka, zauna da kyau, akwai shari'a.

Jiya na je shagon nan in yi wa mai shago godiya. Sai mai haɗa waya, wanda ya wuni da ni rannan bai ce kanzil ba, ya zaɓi jiya ya yi magana. Ya ce, "Baba, kamarar ta yi? Ai matar nan ta yi ta bugowa tana tambaya." Mai shago ya taka masa ƙafa. Na jawo benci na zauna a bakin ƙofa na ce ba mai shiga ba mai fita sai na ji wace mata. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Mai shago ya share gumi ya ce tun ranar Alhamis, kwana biyu kafin mu je, wata ta bugo daga nesa. Ta ce a ajiye kamara a kan kanta inda zan gani. Ta ce kada a kuskura a tallata mini, in na tambaya a janye, a ce mini ba tawa ba ce. Na ce wace ce? Ya ce ba ta faɗi suna ba, amma ana jin kukan jariri a bayanta.

Na dawo gida na tsare Auta, ya yi ta dariya har da riƙe ƙofar mota. Ashe wayar da ya fita amsawa ma ba kowa a kai. Na tsare uwarku, ta ce ita gwiwarta ke ciwo, ba ta da labari. Amaryata kuwa da na matsa mata, ta ce alewa biyu aka ba ta ta yi raɗar nan da ƙarfi.

Mutum ɗaya ne a duniya ya taɓa kama ni da wannan ƙugiyar, kuma a lokacin tana aji huɗu. "Bar shi Baba, wannan ba naka ba ne." Shekara kusan talatin, ƙugiya ɗaya, kifi ɗaya. Ni kuma na zauna na rubuto miki asirina da hannuna, har ina ce miki kada Auta ya ji! Kwana shida ina gidanki kina zuba mini shayi kina kallona, ko murmushin da zai tona ki ba ki yi ba.

Ba fushi nake ba. Auta ya ba ni makulli na biyu, wai na kunna allo ne kawai. Makulli dai makulli ne, yana aljihuna.

Amma wannan karon ba zan karɓi iska ba. Ga fensir nan a cikin ambulan, ga farar takarda, ga wani ambulan na rubuta adireshina na manna kan sarki, don kada ki ce ba ki samu ba. Tambaya biyu ce. Ke ce kika bugo wa mai shago? Sannan wancan na aji huɗu, shi ma da gangan kika yi? In kin bugo waya, na gaya wa uwarku ta ce ba na nan.

Kullum da hantsi ina shiga mota a ƙofar gida, in murɗa makulli rabi, in danna biyu. Kamarar tana kallon kan layinmu, ta inda mai kawo wasiƙu yake ɓullowa, kuma yanzu tun daga nesa nake gane shi. Minti goma sha biyar kawai nake yi saboda batir. Kada ki sa in kashe wa ƙanenki batir, Uwata. Ɗauki fensir ki ba ni amsa.

Ni ne ɗalibinki na farko,
Mahaifinki, Tsohon Direba